Ranar Auren Yazid da Ranar Tauraronki

Batsari, Jihar Katsina

Zuwa ga 'yata Adawiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, karatu na tafiya daidai, sanyin ƙasar Turawa bai daskarar miki da Hausa ba. Allah Ya ƙara lafiya da basira. Mu nan kalau, an gama roron wake, kuma ƙafar Inna ta yi sauƙi har ta koma yi wa kowa faɗa.

Saƙonki ya iso, na karanta wa mahaifinki, Yaya Sammani, tunda tabaransa kullum ɓacewa yake idan labari ba daɗi. Kin ce ba za ki samu zuwa auren ƙanenki Yazid ba, don a makon ne wata duniya za ta gifta ta gaban tauraronta, abin da sai bayan shekara uku take sake yi, kuma an ba ku madubin hangen nesan nan da ke shawagi a sararin samaniya na 'yan awoyi kaɗai. Sai mahaifinki ya tambaya ko tauraron danginmu ne.

Ni kuwa abin ya hana ni sakat. Na bincika, ashe duniyar ma ba ganinta kuke yi ba, hasken tauraron ne ke ɗan dusashewa, kamar ƙuda ya ratsa gaban fitilar mota a Katsina, mutum yana Wagini ya ce ya san girman ƙudan. To yaya kuke bambance ta da datti a jikin madubin? Kuma tunda na'urar ba ta bukatar a riƙe mata tsani, zaman me kike yi? Ki amsa min, da gaske nake.

Duk da haka na tsaya miki. Na tuna wa Yaya cewa sau biyu muna ɗaga ranar bikin nan, da farko saboda girbi, daga baya saboda ta faɗo ranar kasuwa. Na ce idan an ɗaga wa wake, a ɗaga wa ranar da Allah Ya sa tun kafin a haifi kakanninmu. Ya ce surutuna ya yi yawa, kuma sake komawa wurin surukai a karo na uku abin kunya ne. Ya tashi ya bar ni da shayina.

Jiya sai ga shi da ƙurar hanya har a gira. An ɗaga bikin da mako biyu. Shi da kansa ya ɗaure goro a bayan babur ya tafi Runka gidan iyayen amarya, hanyar da ya shekara biyu bai bi ba, kin kuwa san dalili, tsoron 'yan bindiga. Bai aiki kowa ba, bai kuma ce in faɗa miki ba. Ki nemi jirgi.

Inna, Goggo Zuwairatu da Yazid suna gaishe ki. Ki gaida malaminki.

Naki,
Baffa Tayyib