Hular da Ka Rataye a Hannun Mashin

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa irin ta 'ya da uba, ina fatan wannan takarda za ta same ka a duk inda hankalinka ya tafi. Jikinka dai yana nan zaure a Likoro, ɗazu ma na kai maka fura, ka yi mini godiya kamar baƙuwa.

Baba, nakan lumshe ido in gan mu bisa mashin ɗinka ranar kasuwar Makarfi. Rake ya rufe hanya dama da hagu, ganyensa na sheƙi bayan ruwa, babbar rigarka ta cika da iska har na ɗauka tashi sama za mu yi. Kana tafe kana ɗaga wa manoma hannu, kowa ka san sunan ubansa.

Da dokar hular kwano ta zo, ka saya, amma a hannun mashin take kwana. Sai an hango jami'ai ka ɗora ta. Sauran lokaci ƙwan zabi kake zubo wa Inna a ciki. In ta yi magana ka ce, "Kaina ne. Kuma ta yaya dattijo zai gaishe ni in wuce ban ji ba?"

Ba gudu kake ba ranar da abin ya faru. Maraƙi ne ya ratso titi kusa da Hunkuyi, kanka ya bugi kwalta. Ko ƙashi bai karye ba. Ka farka a asibiti kana tambayar ko mu su wane ne.

Ban zo da faɗa ba, Baba. Na san daɗin iskar nan, a bayanka na sha ta. Sai dai kan nan ba naka ba ne kai kaɗai. A cikinsa iyakar gonarmu take, da sunan da kake kirana da shi wanda ba wanda ya sani sai mu biyu.

Jiya wani ya wuce da mashin ta ƙofar gida. Na ga hannunka na dama yana murzawa a kan gwiwa, kana murmushi. Ba ka waiwayo ba ka ce, "Riƙe ni da kyau, yarinya." Na durƙusa a bayanka na riƙe.

Allah Ya ba ka lafiya, Ya sa kaffara ne, Ya dawo mana da kai ko da na yini ɗaya.

Taka har kullum,
Autarka.