Masu Kallo ta Bayan Gilashi

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Inna, kumburin ya saɓe? Ki gaishe min da Baba da yara.

Ni lafiya lau, kada ku damu. Ina nan a masana'antar da muke haɗa ƙwaƙwalwar kwamfuta, sai dai kamfanin da muke gasa da shi ya sake karya farashi, namu ma ya karya. Shekaranjiya masu zuba jari suka zo suka tsaya bayan gilashi suna kallonmu, aka aike ni in kai musu ruwa. Na ji wani dattijo yana cewa, "A bar su su yi ta gwabzawa, wanda ya rage a tsaye shi za mu ba kuɗinmu." Wata mata ta ce, "Kafin nan riba ta ƙare. Mutane sun yi yawa a ɗakin nan."

Kin san fararen kaya muke sawa har fuska, ido kawai ake gani. Jiya na tarar an kwashe kayan maƙwabciyata a layin aiki, wadda muke kira Mai Tari, daga akwatin ajiyarta. Amma da na shiga, ga wata tsaye a wurinta, tsayinsu ɗaya, tana aiki. Na gaishe ta, ko ɗagowa ba ta yi ba. Da azahar na tambayi shugaban layi, ya duba takarda ya ce tun safe babu kowa a wurin.

Kada Inna ta ji, ki dai ce ta sa ni a addu'a. Kuma idan na kira waya, Yaya, ki ja ni da hira sosai, ki tabbatar ni ce.

Ƙanwarki