Saƙonnin da Manhajata Ta Zubar

Goronyo, 9 ga Nuwamba

Matata Theresa,

Gaisuwa mai yawa. Yaya gida, yaya Christy da makaranta? Ƙafar Mama ta yi sauƙi? Ni lafiya lau, sai kewarku.

Manhajar da na rubuta wa ƙungiyar manoman rani ta fara aiki. Manomi zai turo sunansa da lambar gonarsa ta waya, ita kuma ta duba saƙon harafi bayan harafi, ta sa shi cikin jerin waɗanda za a sakar wa ruwan dam. Abin da ba ta gane ba sai ta tura shi kwandon shara.

Wata huɗu ke nan ba wanda ya ce in zo gidansa ko ruwa in sha. Akwai wani dattijo manomin albasa, Baba Maccido, da yakan tsaya bakin ofis ya ce, "Mi ya hana mu gan ka?" Na ɗauka salon gaisuwarsu ne. Ranar Lahadi in na dawo daga coci, ni da rediyo ne har rana ta faɗi.

Mijinki,
Simeon

Goronyo, 14 ga Disamba

Theresa tawa,

Ina fata kuna lafiya. Ki yi haƙuri, ba zan zo Kirsimeti ba.

Jeri ya fito, babu Baba Maccido da wasu arba'in da ɗaya, kuma laifina ne. Na koya wa manhajar cewa harafi shi ne na boko kawai, lamba ma haka. Ashe dattawan nan da ajami suke rubutu a waya, lambobinsu ma na Larabci. Duk ta zubar da su. Ni da nake taƙama da karatu, ban taɓa tambayar kowa yadda yake rubutu ba.

Za a saki ruwa ranar 27. Irin albasarsa ya isa dashe, in ya rasa wannan rabon ya rasa shekarar. Bai yi mini faɗa ba, ya ce dai sau uku ya turo. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Ki lallashi Christy.

Simeon

Goronyo, 28 ga Disamba

Theresa,

Gaisuwa gare ku duka. Yaya aka yi biki?

Na gyara. Yanzu manhajar ba ta dogara da ɗan sanina, tana neman bayanin kowane harafi a babban kundin haruffan duniya da ake kira Yunikod. Jiya ruwa ya shiga gonar Baba.

Da na buɗe kwandon, Baba na roƙa ya zauna ya karanta mini, tunda ni ajami duhu ne a wurina. Muna cikin yi sai ya nuna mini wasu saƙonni huɗu marasa lambar gona. Nasa ne, zuwa gare ni, ta lambar da manhajar ke karɓar saƙo ya turo su. Na farko tun Satumba, yana gayyatata zuwa sunan jikarsa Zinariya. Sauran ukun duk na tuwon Juma'a ne. Da bai ji amsa ba, ya ɗauka ba na cin abincin Musulmi, ya ji nauyin faɗa mini baki da baki.

Theresa, kunya ta kama ni har na kasa dubansa. Duk zaman kaɗaicin da nake ta yi miki kuka a kai, ni na rubuta shi da hannuna.

Juma'ar nan zan je. Ki gaya mini abin da ya dace in riƙa wa jaririya 'yar wata uku.

Naki kullum,
Simeon