Gurun Baban Ummi

Litinin, 17 ga Disamba, 2001, Agege

Har yanzu jiri nake ji. Tun cikin azumi Baban Ummi ya yi wa Ummi alkawarin zai hau lilon sama da ita ranar yawon sallah, tunda ba a barin yaro ya hau shi kaɗai.

Muka sha motar danfo, muka sha layi. Da ya zauna, ƙarfen da ke riƙe mutum ya ƙi rufuwa. Mai lilon ya danna iya ƙarfinsa, ya ce, "Oga, sauka."

Tumbin nasa da sauƙi. Gurun nan ne da yake ɗaurawa a ƙugu saboda ƙahon shanun mayankar Oko-Oba inda yake aiki. Na raɗa masa, "Alhaji, kwance in riƙe maka." Ya harare ni. "A bainar jama'a? Allah ya kiyaye!"

Ummi ta fashe da kuka. Ni da nake tsoron ko babur ɗin okada, ni na hau. Na yi ta salati, ɗankwalina ya tafi, shi yana ƙasa yana ɗaga mana hannu.

Wace saniya ce za ta soke shi a gidan wasan yara? Yanzu ga gurun can rataye a ƙusa, mai shi yana ta minshari.