Na Zo da Kwano, Buɗe Ƙofa

Zuwa ga jikana Nasiru, mazaunin Jidda, wanda tun yana rarrafe yake cewa shi ne maigidana, amma har yau ko gishirin miya bai taɓa ajiye mini ba.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya kamar yadda muke nan Kura, in ban da gwiwar nan tawa da ka sani. Mutanen gida duk suna gaishe ka. Babanka ma yana gaishe ka, ko da yake shi kuna magana a waya. Ni ce dai aka daina kira.

Da hannuna nake rubuta wannan wasiƙa, da ɗan bokon da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci. In ka ga harafi ya karkace, ka miƙe shi da naka ilimin. Kuma na ce a ɗora ta a waya inda kowa zai gani. A gaban mutane ka yi mini, a gaban mutane zan rama.

Bari in tuna maka, tunda na ga kamar ka manta. Da na gama umarar da ka biya mini, Allah ya saka maka da alheri, sai ka ce kana da wani abin mamaki. Na ɗauka matar aure za ka nuna mini. Sai ga mu a bakin teku, gaban wani jirgin ruwa da ya fi unguwarmu girma, benaye a kan benaye. Ka ce, "Iya, mako guda za ki yi kina hutawa a kan Bahar Maliya." Na tambaye ka ina za mu je. Ka ce ba ko'ina, za mu zaga ne mu dawo. Nasiru, a duniyar nan ban taɓa jin an ɗaure kaya an yi sallama don a je ba ko'ina ba.

Tun daga shiga aka fara layi. Layin nuna takarda, layin hoto, layin lif, layin abinci. Ko rabon takin zamani ban ga an yi masa wannan tsayuwa ba. Ban ko zauna ba aka ce kowa ya fito a koya masa saka rigar nan mai launin lemo da take hana nitsewa. Baƙo bai sha ruwa ba, an fara gaya masa yadda zai yi in gidan ya kife!

Ɗakin da aka ba ni kuwa, akurkin kajina ya fi shi sarari. Ba taga. Ba ka sanin hantsi, ba ka sanin la'asar. Ni da nake gane azahar da inuwar darbejiyar ƙofar gida, sai ga ni ina jiran waya ta gaya mini rana ta karkata. Alƙibla kuma ba ta zama wuri ɗaya. Ka nuna mini ita da safe a gefen madubi, kafin azahar ta koma bayan ƙofar bayi. Na ce maka ko dai jirgin ya tsaya ko alƙiblar ta tsaya, ka yi ta dariya har da riƙe ciki.

Bayin nan ma da sauran magana. Ba buta, ba wurin tsugunno. Ranar farko da na danna abin nan na kora ruwa, ya yi wata irin ƙara ya zuƙe komai, na fito da gudu ina salati, na ɗauka tekun ne ya ɓullo ta ƙasa. Da na dawo daga cin abinci kuma na tarar an murɗe tawul an yi siffar giwa da shi a tsakiyar gadona, har da idanu. Sai da na tofe shi da addu'a kafin na ture shi da sanda. Ka ce wai ado ne, ma'aikata ne suke yi don a ji daɗi. Wanda yake so in ji daɗi ai buta zai kawo mini.

Ga jiri. Ƙasa ba ta tsayawa ƙarƙashin ƙafa, kana tafiya kana dafa bango kamar wanda ya sha abin da bai kamata ba. Ga lasifika a kan gado, ba a kashe ta, da ka fara gyangyaɗi sai wata ta rangaɗa sanarwa da yaren da ba ka ji. Ka kai ni sama wai in sha iska, na tarar da mutane kwance a rana kamar tumatirin da aka yanka aka shanya, manya da furfurarsu, ba zani ba riga. Kujerun da ba kowa a kansu kuma duk an ɗora musu tawul, wai masu su suna zuwa. Tawul yana zaune, tsohuwa tana tsaye.

Abinci kam akwai, ban yi ƙarya ba, tuli guda. Amma duk bakinsu ɗaya, lami. Tumatirinsu ja wur a ido, ka tauna ka ji kamar ka tauna soso. Da ban ƙullo yajina a bakin mayafi ba, da yunwa ta kashe ni a tsakiyar abinci. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ruwan nan. Ni da na ga maza suna zage-zage a bakin kanal saboda wani ya toshe wa wani ruwa, sai ga ruwa iya ganin ido, ba shuka ko ɗaya a gefensa. Ba ya shayuwa, ba ya ban ruwa. Kwance kawai yake yana juya wa mutane ciki.

Duk wannan na haƙura, saboda kai. To, mu zo kan maganar da ta raba mu.

Ɗakin da ke jikin nawa, ranar da muka shiga na ga wata yarinya da wani saurayi sun shige. Na yi musu sannu, suka yi murmushi. Daga nan ban sake ganin ƙeyarsu ba. Wuni ya wuce, wani ya wuce, ƙofa a rufe, an rataya wani ɗan kwali ja a hannunta. Ba motsi, ba tari. Na ce a raina jirin nan ne ya kayar da 'ya'yan mutane, ba mai duba su. Kai kuma kana can kana yawo daga bene zuwa bene, ka ɗaga waya sama kana neman sabis. Sai na je wurin abinci, na zubo shinkafa da kaza, na barbaɗa yajina, na rufe da wani farantin, na zo na yi sallama. Shiru. Na ƙwanƙwasa. Shiru. Sai na cire takalmi na buga da shi, yadda ake yi.

Ka san sauran. Saurayin ya buɗe daga shi sai tawul, idonsa jajur, yana ta masifa da yarensu. Ashe amarya da ango ne. Ashe jan kwalin nan cewa yake kada a dame su. To ni ina na sani? A garinmu amarya ai ita aka fi kai wa kwano. Suka kira ma'aikata, ma'aikata suka kira ka, mutane suka leƙo daga ɗakuna, ni ina tsaye da faranti a hannu da takalmi ɗaya a ƙafa.

Ba dariyarsu ce ta dame ni ba, ni ma da wata ce ta yi da na fi kowa dariya. Maganarka ce. Ka ba su haƙuri da Turanci, ka juyo ka ce da ni da Hausa, "Iya, nan fa ba Kura ba ce. Kin kunyata ni." Ni kuma bakina ba ya ajiya, na ce, "To mayar da ni inda ba na kunyata kowa, kai ka zauna cikin waɗanda ba sa buɗe ƙofa." Na ga yadda fuskarka ta yi. Sauran kwanakin muka ci abinci a tebur ɗaya kamar baƙin da mota ta haɗa. A filin jirgi ka durƙusa ka yi mini sallama yadda ya kamata, amma ba ka ce "amaryata, a sauka lafiya" ba. Tun da ka iya magana ba ka taɓa sallamata ba tare da tsokana ba. Tun daga ranar kuma wayata ba ta sake kawo sunanka ba. Da na dawo ana dashen tumatir ne, ga shi yanzu har ya fara ja.

Akwai abin da ban gaya maka ba, kuma na hana babanka ya gaya maka. Bara, ranar da aka sako mana ruwan kanal, gidan nan kowa ya yi sammako ya tafi gona, har yara. Ka san ranar ruwa ba mai zama. Na tashi zan fito, sai jiri ya ɗebe ni, na faɗi tsakanin gado da bango. Ina ji, ina gani, amma ba baki ba ƙafa. Ƙofa kuma na sa mata sakata. Da sai magariba za a dawo a tarar da ni. Maƙwabciyata Tabawa ce ta shigo da kwanon koko, ta ga rana ta ɗaga ƙofata a rufe, kaji ba a buɗe su ba. Ta yi sallama, ta ƙwanƙwasa, ta buga da takalmi, daga ƙarshe ta ɗauko taɓarya ta ɓalle sakatar. Da na farfaɗo a asibiti abin da ta fara ce mini shi ne, "Yalwa, kin sa kokona ya huce." Da Tabawa mai bin jan kwali ce, da ba ka samu wadda za ka kai umara ba.

Don haka ban ce ban yi kuskure ba. Na tayar da ango, Allah ya ba shi haƙuri, in ka gan shi ka ce kazar ma ni na cinye. Maganar da na mayar maka kuma ta yi nauyi, na sani, kai da ka kashe abin hannunka don kawai ka ga na huta. Amma ka bar sa rai zan ga ƙofa a rufe in wuce. Ban iya ba, kuma na tsufa da koyo.

Taka ƙofar ce yanzu a rufe, Nasiru. Na yi sallama ta bakin babanka, shiru. Na aika da gaisuwa ta bakin uwarka, shiru. Kana can ƙasar mutane, ɗaki ɗaya kai kaɗai, cikin waɗanda in ka kwana uku ba ka fito ba, ba wanda zai ɗauko taɓarya. Shi ne abin da yake hana ni sukuni, ba fushi ba. Wannan wasiƙa takalmina ce, da ita nake bugawa. Ba na son wani jirgi, ko na ruwa ko na sama. Muryarka nake so, ko da faɗa za ka yi mini. In kuma ka samu hutu ka zo ɗiban tumatir, in jajjaga maka na gaske, ka zauna a ƙasar da ba ta rawa. Ka dai san tsarin gidanmu, wanda aka kai wa kwano ba ya mayar da shi wayam.

Allah ya tsare mini kai a inda kake. Allah ya haɗa ka da maƙwabta masu damun mutum, masu buga ƙofa ba kunya. Allah ya ba ka mata mai yaji a bakin mayafi. Allah ya sa in ji muryarka kafin a rufe tawa ƙofar da ba a ƙwanƙwasawa. Amin.

Ni ce amaryarka ta fari, wadda ba ka da hanyar saki,
Iya Yalwa, Kura.

Wayar tana cikin lalitata, na sa an ƙure mata ƙara.