Ƙarfen Maigidana Ya Tsage, Matarsa Ba Ta Sani Ba

Baba mai shawara, don Allah ka taimake ni, kaina ya kulle. Na san kukan aure da rigimar gado aka saba kawo maka, ni kuwa ga ni da maganar ƙarfe. Kada ka yi mini dariya, wallahi ƙarfen nan ya hana ni sukuni.

Ni makanike ne, aikin ƙafar mota na fi yi. Akwai wata gaɓa da ke riƙe taya da jikin mota, mu muna ce mata boljoyin. In ta cinye sai an matse tsohuwar ta fita, a matsa sabuwa ta zauna daram. Akwai ƙarfen da ake yin wannan aiki da shi, kamar ƙatuwar ƙugiya yake, da dogon noti a tsakiya da kofuna manya da ƙanana. Wanda ba shi da shi guduma yake ɗauka, ita kuwa guduma ta gyara ɗaya ta ɓata biyu.

A duk layinmu maigidana da ya koya mini aiki shi kaɗai ke da irin wannan ƙarfe. A kwanonsa na ci na girma, shi ya tsaya mini har na yi aure. Da ciwo ya kwantar da shi, kayan aikinsa suka bi magani ɗaya bayan ɗaya, har jak ɗin ɗaga mota da yake ji da shi. Ranar da ya cika, akwatin ƙarfen nan ne kawai ya rage a ƙarƙashin gado. Ya bar matarsa, wadda nake kira Gwaggo, da 'yan mata biyu da ba su gama makaranta ba.

Gwaggo ba ta son a tausaya mata ko kaɗan. Na taɓa kai mata ɗan hatsi, kafin in isa gareji an biyo ni da shi, wai mijinta bai bar ta da bara ba. Amma kuɗin hayar ƙarfe tana karɓa da hannu biyu, don a wurinta gumin marigayi ne. Shi ya sa kullum da safe nake biyawa in gaishe ta, ta miƙo mini akwatin a naɗe cikin tsohuwar rigar aikinsa, da yamma in mayar tare da abin da aka samu. Da shi ake ɗora tukunya a gidan.

Da can makanikan layinmu duk suna haya. Yanzu kowa ya janye, don ƙarfen ya gaji. Haƙoran notin sun cinye, yana zamewa, ga wata siririyar tsagewa a gwiwar ƙugiyar. Na kai wa mai walda, ya juya shi ya juya, ya ce ko ya liƙe ba zai ƙara ɗaukar matsi ba. Na kasa gaya wa Gwaggo. Sai in ɗauko in tura ƙarƙashin benci, da yamma in zaro daga aljihuna in ce wane da wane ne suka yi haya. Ita kuma baiwar Allah ta yi ta sa musu albarka, mutanen da rabonsu da akwatin tun bara.

In aiki ya zo mini kuwa, lallaɓawa nake yi da shi a haka. Watan jiya na sa wa wani direban tasi boljoyin, mutumin da ya daɗe yana kawo mini mota. Ƙarfen ya zame, na sake ɗaurewa, na zaci ta zauna. Ba a yi mako ba taya ta kwanta masa a kan kwana, mota cike da fasinja, har da mace mai goyo. Allah ya tsare ba a rasa rai ba. Ya zo gareji bai zage ni ba, ya tsaya ya dube ni kawai ya juya. Da ma zagin ya yi, da na fi samun sauƙi. Tun daga nan 'yan tasi suka daina tsayawa a rumfata, ina zaune ina kallo suna wucewa gaba.

Mai sayar da kayan gyara na bakin titi yana ba da hayar irin ƙarfen mai lafiya, amma ina ni ina biyan haya biyu? Ya kuma ce in ina so zai sayar mini sabo in riƙa biya a hankali. Maiɗakina ta ce in saya in huta, wai ina toshe rufin wani nawa yana yoyo. Ba ta yi ƙarya ba, mu ma da yara. Sai dai abin da zai tafi wajen biyan sabon, shi ne abin da nake kai wa Gwaggo. Kuma da wane ido zan wuce ƙofar gidan nan ban tsaya karɓar akwati ba? Mutumin da ya mai da ni mutum, a ce ni ne na kashe wutar murhunsa na ƙarshe?

Baba, na rame, ko abinci ba na jin daɗinsa. In saya, in ci gaba da wannan hayar, ko in tattara in bar sana'ar gaba ɗaya?

Wani makanike da ya rasa mafita.

AMSA

Ɗana, ban yi dariya ba. Na karanta wasiƙarka zuciyata ta yi nauyi, Allah ya saka maka da alherin riƙon amana.

Amma bari in fara da mai ɗaci. Daga yau kada ƙarfen nan ya sake taɓa motar kowa. Tausayin da kake yi wa gida ɗaya, da rayukan mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba kake biyansa. An yi maka gargaɗi sau ɗaya, ba kowa ake yi wa na biyu ba.

Maganar saye ko haya kuwa mai sauƙi ce in an cire Gwaggo a ciki. Haya ta mai aikin jefi-jefi ce, wanda sai an daɗe kafin irin wannan gyara ya zo masa. Kai da shi kake ci, don haka saye ya fi maka. Kafin ka samu naka, in aiki ya zo ka hayo na bakin titi. Maiɗakinka tana da gaskiya, kuma in rumfarka ta mutu gida biyu ne za su kwana da yunwa.

Kai ma kana da taka gaskiyar, ba a cin gishirin mutum a juya wa iyalinsa baya. Inda ka kuskure shi ne ƙaryar. Matar da ta mayar da hatsi don kare mutuncinta, ka yi shekara kana ba ta sadaka a ɓoye. Ramin ƙarya ƙurarre ne, in ta ji a bakin wani makanike, ciwon zai fi na rashin kuɗin. Ban ma cire tsammanin ta ga tsagewar ba, tana shiru ne don ba ta san ta inda za ta fara ba.

Ka ɗauki maiɗakinka ku je tare, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ka nuna wa Gwaggo tsagewar da yatsanka, ka ba ta labarin direban tasi kada ka rage komai. A wasiƙarka ka ce ƙugiya da noti ne suka mutu, ba ka ce kofunan sun lalace ba. Ka bincika, in za su hau kan sabon, sai ka nemi ƙugiya da noti kaɗai, ka ci gaba da hayar kofunan a hannunta. Abin da za ta samu zai ragu, amma nata ne na halak, kuma sauran makanikai za su iya dawowa.

Ba zan yaudare ka ba, mai yiwuwa ta yi kuka, mai yiwuwa ta yi fushi ta daina amsa gaisuwarka na wani lokaci. Ranar za ta ji kamar yau mijinta ya rasu. Ka jure, kada ka ɗauke ƙafa. Abu ɗaya nake roƙonka, ka je mata kafin ka saya. Matar maigidanka ce, ta cancanci a yi shawara da ita, ba a kai mata labari bayan an gama ba.

Allah ya jiƙan maigidanka, ya raya abin da ya bari, ya dawo maka da kasuwarka. Ya kuma ba ka ƙarfin zuciyar yin sallama a ƙofar gidan nan da gaskiya a bakinka.