Allurar Inna Tana Gindin Randa

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Tantance Batutuwan Bincike,
Tsangayar Kimiyyar Lafiya ta jami'ar da ta yaye ni.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran malamanmu, zan fara da wani ruɗani da mu 'yan boko muke yawan faɗawa ciki. Mun ɗauka girman bincike yana ga tsadar na'urar da za a yi shi da ita, da wahalar furta sunansa. In batu ya zama wanda tsohuwa za ta gane da jin farko, sai mu ji kamar an rage mana daraja. A kan wannan na rubuto, kuma na rubuto a fili ne don ɗalibai su karanta, tunda su abin ya fi shafa.

Sunana Rabi. Kai ka koyar da ni ilimin magunguna, yanzu kuma shi nake koyarwa a nan Doha. Duk Juma'a bayan la'asar nakan zauna da ɗaliban gida ta waya, muna gyara tsarin bincikensu. Cikinsu akwai Mubarak, ɗalibin digiri na biyu a tsangayarku, yaro mai tambaya har sai ka gaji. Ya nemi izini ya bi gidajen masu ciwon suga da ba su da firji, waɗanda ke ajiye allurarsu ta insulin a jiƙaƙƙen yashin gindin randa, ya auna zafin wurin a lokacin bazara, sannan ya gwada ko maganin yana riƙe ƙarfinsa. Kwamitinku ya mayar masa da takardarsa. Ga ƙorafina.

Na ɗaya. An shaida masa cewa randa ba kayan aikin kimiyya ba ce, kuma batun bai kai matakin duniya ba. Na yarda da na farkon. Ita randar ma ba ta taɓa cewa ita kayan kimiyya ce ba. Ruwa aka sayo ta ta sanyaya, mu muka ƙara mata aikin firji ba tare da mun tambaye ta ba. Na san an duba irin wannan ajiya a wasu ƙasashe. Amma yumɓunsu daban, zafinsu daban, kuma ban san ko tasu randar tana zaune kusa da murhu irin tamu ba.

Na biyu, kuma shi ne ya hana ni yin shiru. Mahaifiyata tana ƙauye, tana allurar insulin safe da yamma. Akwai firji a gidan, ni na saya. Da yake wuta baƙuwa ce, a ciki ake ajiye kwanuka, kuma yana tsare su daga ƙura sosai. Allurar Inna tana gindin randa.

A bazarar bara suganta ya yi ta hawa. Likita ya tuhumi tuwo, ya tuhumi mangwaro, daga baya ya ƙara mata yawan allurar. Da na zo hutu na taho mata da sabon magani. Na ɗauko shi daga firjina a unguwarmu ta Ain Khaled, na sa shi cikin kula mai ƙanƙara, na bi da shi ta filin jirgin Hamad ina lallaɓa shi kamar jariri. Har gida ya iso da sanyinsa. Washegari Inna ta yi allura da sabon, daidai yadda likita ya ƙara mata. Kafin azahar muka same ta zaune a bakin ƙofa, gumi ya jiƙa ta, tana kallona tana kiran sunan ƙanwarta da ta rasu. Suganta ya faɗi ƙasa warwas. Da ruwan sikari muka dawo da ita, Allah ya sa da sauran kwana.

Ban ce tsohon maganin ya lalace a gindin randa ba. Ban ce bai lalace ba. Ban sani ba, Malam. Likitanta bai sani ba. Ni mai koyar da ilimin magunguna a aji mai sanyin da sai na sa rigar sanyi, ban iya gaya wa uwata ko allurar da take soka wa kanta magani ce ko ruwa ba. Mutum ɗaya ne ya tashi zai nemo mana amsa, shi ne kuka ce ya je ya sake tunani.

Na uku. An ba shi shawara ya koma kan ƙwayoyin halittar da ke gadar da ciwon suga. Batu ne mai kyau, ba na raina shi. Sai dai na'urar aikin ba ta tsangayar, ba ta jihar. Jinin da zai ɗiba sai ya jira a firjin sashe kafin a samu mai kai shi waje. Na san firjin nan tun ina ɗaliba. Ranar da aka kawo wuta, zoɓon ma'aikata yana sanyi a ciki yadda ya kamata. Ranar da ba a kawo ba, ban ga abin da ya fi randa da shi ba, ban da ƙofa.

Na huɗu. A nan inda nake aiki, kuɗi ba matsalarsu ba ce, amma abin da ke damun mutanensu shi suke bi: zafin rana, azumi da ciwon suga, lafiyar masu aiki a waje. Ba wanda ke jin kunyar tambayar gidansu. Wata abokiyar aikina ta taɓa tambayata yadda ake ajiye insulin a wajenmu. Na kwatanta mata randa da hannu, ta yi mamaki, ta ce mako nawa yake yi a haka. Na ce zan bincika. Maƙwabciyata, 'yar Zangon Ghana, da ta ji labarin Inna sai ta ce yayanta ma a can haka yake yi, in na samo amsa in gaya mata. Ka ga ke nan batun ya riga ya ƙetare iyaka, ko da bai kai duniya ba.

Roƙona, ranka ya daɗe: a sake duba takardar Mubarak a zaman kwamiti na gaba, kafin bazara ta shigo, domin in ta wuce sai ya jira wata shekara, shi kuma lokacin karatunsa ba zai jira ba. In akwai gyara a tsarin aikinsa, a gyara masa da jan biro kamar yadda ka saba yi mana, mun ci moriyarsa. Ni zan tsaya masa a ɓangaren gwajin maganin. Sannan ina roƙon duk batun da aka kawo gabanku, kafin a tambayi wace mujalla ce za ta buga shi, a fara tambayar wane gida ne ke jiran amsarsa.

Ku kuma ɗalibai da ke karanta wannan, kada ku karaya, tambayar da kuka taso kuna gani a tsakar gida tambaya ce. Kai ma Malam ina gayyatarka. Ka nemi ma'aunin zafi, ka tura shi cikin yashin gindin randar gidanku na gado da tsakar rana. Kafin ka duba, ka faɗi abin da kake zaton zai nuna. In ka ci, na janye wasiƙata. In ba ka ci ba, ka fara aikin Mubarak ke nan, sai a bar shi ya ƙarasa.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya saka maka da alherin karatun da ka ba mu, ya yi wa kwamitinku jagora. Inna tana gaishe ka. Allurarta ta gobe da safe tana inda ka sani.

Wassalam.

Ɗalibarka,
Rabi,
Ain Khaled, Doha.